Naɗe Jariri da Zaburar Barci: Amfaninsa, Haɗarinsa da Lokacin Dainawa

Jariri sabon haihuwa yana tsakiyar barci, sai a rufe ƙofa da ƙarfi, ko uwa ta sauke shi daga cinya zuwa shimfiɗa kansa ya ɗan yi baya, nan take ya watsa hannuwansa gefe biyu, yatsunsa su buɗe, sannan ya maido da hannuwan kan ƙirjinsa, sau da yawa kuma kuka ya biyo baya. Iyaye mata kan ce yaro ya zabura ko ya firgita, wasu ma har hankalinsu ya tashi su zaci wani ciwo ne ko tsoro ya kama shi. Wannan zabura ita ce tushen duk muhawarar da ake yi a kan naɗe jariri, wato a lulluɓe shi da zani ko shawul a riƙe hannuwansa a jikinsa kafin a kwantar da shi, domin babban aikin da naɗin yake yi shi ne hana hannuwan nan watsuwa. A 'yan shekarun nan al'adar ta ƙara shigowa gidajenmu ta hanyar bidiyoyin intanet da kayan jarirai da ake shigo da su daga waje, kuma yawancin masu koyar da ita suna nuna yadda ake ninka zanin ne kawai, ba sa bayanin abin da yake faruwa a jikin yaron da ke cikinsa.

Likitan yara Ernst Moro, wanda ya koyar a jami'ar Heidelberg ta ƙasar Jamus, shi ne ya yi cikakken bayanin wannan motsi a shekarar 1918, har yau kuma da sunansa likitoci suke kiransa. Motsi ne na halitta, wanda jiki yake yi da kansa ba tare da niyyar yaron ba. Umarninsa yana fitowa ne daga gindin ƙwaƙwalwa, sashen da yake haɗe da lakar baya, wanda kuma shi ne yake kula da numfashi da bugun zuciya. Abin da ya fi tayar da shi shi ne saƙon da sashen daidaita jiki na cikin kunne yake aikawa idan kai ya motsa ba zato, sai jiki ya ɗauka faɗuwa za a yi. Moro da kansa yana ganin motsin saura ne na yunƙurin ƙanƙame uwa, irin wanda 'ya'yan birai suke yi idan uwar ta motsa. Motsin yana fara bayyana tun yaro yana ciki, ya cika a wajen mako na 37, ya yi ƙarfi a watan farko da na biyu bayan haihuwa, daga wata uku ya fara raguwa, zuwa wata shida kuma ya kamata a ce ya gushe.

Saboda wannan tsari ne likita yake gwada zaburar da gangan idan an kawo masa jariri. Idan hannu ɗaya ne kawai ya motsa, yakan nemi karayar ƙashin wuya ko raunin jijiyoyin kafaɗa da aka samu wajen haihuwa mai wahala. Idan babu motsin gaba ɗaya, abin da ake tsoro shi ne ƙwaƙwalwa ta taɓu, ko saboda yaron bai yi numfashi da wuri ba, ko shawara mai tsanani, ko cutar da ta shiga jini. Idan kuma zaburar ta ci gaba da ƙarfinta bayan wata shida, wannan ma dalili ne na a binciki ci gaban yaron. Ke nan jaririn wata ɗaya da yake zabura da hannu biyu daidai wa daida, alamar lafiya yake nunawa, kuma babu wani magani ko tofi ko hayaƙi da yake buƙata a kan haka.

Zabura tana da 'yan'uwa. Idan aka taɓa kumatun jariri sai ya juyo da baki yana neman nono, idan wani abu ya taɓa saman cikin bakinsa sai ya tsotsa, idan aka sa masa yatsa a tafin hannu sai ya damƙe, idan aka juya kansa gefe ɗaya sai hannun wannan gefen ya miƙe ɗayan ya lanƙwashe, idan kuma aka tsayar da shi ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tafiya. Bayanin da aka daɗe ana yi shi ne, yayin da saman ƙwaƙwalwa yake nuna, sai ya karɓe ragamar jiki daga gindinta, motsin niyya ya maye gurbin na halitta. Bayanin yana da gaskiya, amma bai cika ba. A farkon shekarun 1980 wata masaniyar ci gaban yara a Amurka, Esther Thelen, ta nuna cewa takun nan da yake ɓacewa a wajen wata biyu yana dawowa idan aka tsoma ƙafafun yaron a cikin ruwa, kuma yana raguwa idan aka ɗaura musu ɗan nauyi. Ashe ƙibar da cinyoyi suke yi a watannin farko ta fi ƙarfin tsoka, shi ya sa ƙafar ta daina ɗagawa, motsin kuwa yana nan. Darasin da wannan ya koyar yana da muhimmanci ga batunmu: ganin motsi ko rashin ganinsa a zahiri bai isa ya nuna abin da ƙwaƙwalwa take ciki ba. Jaririn da aka naɗe yana zabura a cikin zaninsa, hannuwan ne dai ba su sami filin watsuwa ba.

Naɗin tsohuwar al'ada ce. Soranus, likitan da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 miladiyya, ya bar bayani dalla-dalla kan yadda ungozoma za ta naɗe kowace gaɓa da ƙyallen ulu mai laushi, kuma manufarsa ita ce gaɓoɓi su tashi a miƙe. Turawa sun rayu a kan wannan fahimta ɗaruruwan shekaru, har zuwa lokacin da likita William Cadogan na Ingila a 1748, da masanin falsafa Rousseau a 1762, suka soki al'adar da kakkausan harshe, daga nan ta fara ja da baya a Yammacin Turai. A Rasha da Turkiyya da ƙasashen Larabawa da Asiya ta Tsakiya kuwa ba ta taɓa gushewa ba. Abin da ya dawo da ita Turai da Amurka shi ne wani sauyi da aka yi a farkon shekarun 1990, lokacin da aka tabbatar cewa kwantar da jariri rubda ciki yana da alaƙa da mutuwar fuju'a a cikin barci. Birtaniya ta fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka ta biyo baya a 1994, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Sai dai jaririn da yake rigingine hannuwansa a sake suke, yana zabura yana farkawa fiye da na rubda ciki, iyaye kuma suna kwana ba barci. Da likita Harvey Karp ya fito a 2002 yana koya wa iyayen Amurka naɗi a matsayin hanyar kwantar da kuka, ya tarar da mutanen da gajiya ta riga ta shirya su karɓa.

Cewa naɗi yana tsawaita barci kuwa, ba a jayayya a kai. Jariri yana yin kusan rabin barcinsa a cikin yanayi mara nauyi, wanda ake ganin idonsa yana motsi a ƙarƙashin fata, yana murmushi, yana mutsu-mutsu, kuma kusan duk bayan awa guda yana zuwa gab da farkawa. Binciken da aka yi a ɗakin auna barci a birnin St. Louis na Amurka a 2002 ya nuna cewa jariran da aka naɗe sun fi ƙarancin zabura a cikin barci mai nauyi, kuma idan sun motsa sun fi saurin komawa barci da kansu. Wani binciken a Brussels ta Beljiyam a 2005 ya sami irin wannan sakamako na ƙarin barci da ƙarancin farkawa. A kan kuka ma an gwada: a ƙasar Holan an ɗauki jarirai 398 masu yawan kuka, aka koya wa dukan iyayensu tsara lokutan barci da shayarwa, rabinsu aka ƙara musu da naɗi. Kukan ya ragu a ɓangarorin biyu, ƙarin amfanin naɗi kuwa an gan shi ne ga waɗanda ba su kai mako takwas ba. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa kukan jariri yana kaiwa ƙololuwa a wajen mako shida, daidai lokacin da zabura take da ƙarfinta. Amfanin naɗi na gaske ne, amma wa'adinsa gajere ne.

Fargabar da ta fi yawo a tsakanin iyaye masu karatu ita ce, wai hana hannuwa motsi yana hana motsin halitta gushewa a kan kari, yaro ya tashi da saura a jikinsa, ya makara wajen zama da rarrafe da tafiya. Hujjar da ake da ita ba ta goyi bayan wannan ba. Tun a 1940 Wayne Dennis da matarsa Marsena suka kwatanta yaran ƙabilar Hopi ta Amurka da ake ɗaure su a kan allon goyo na gargajiya da waɗanda ba a ɗaurewa, suka tarar lokacin fara tafiyarsu ɗaya ne. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga Mongoliya, ƙasar sanyi inda ake naɗe jariri tamau kusan yini da kwana a watannin farko. An raba jarirai 1,279 na birnin Ulaanbaatar gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka naɗe su irin na gargajiya har wata bakwai, wasu aka sa musu tufafi masu ɗumi ba naɗi. Da aka auna hankalinsu da motsinsu bayan sun shekara, ba a ga bambanci ba, kamar yadda aka wallafa a 2010. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko a inda ake naɗi sosai ana kwance yaro don wanka da canza ƙyalle da wasa, kuma yayin da yake girma lokacin kwancewar yana ƙaruwa. An taɓa kai zargin naɗi nesa fiye da haka, domin a 1949 wani masanin al'adu Bature, Geoffrey Gorer, ya yi ƙoƙarin danganta halayen Rashawa baki ɗaya da naɗin da aka yi musu suna jarirai, ra'ayin da bai sami karɓuwa ba saboda rashin hujja.

Inda cutarwar take a fili, kuma inda nake ganin ya fi kamata a tsaya a yi magana da iyaye, shi ne ƙugu. Gaɓar da ƙashin cinya ya haɗu da ƙugu, kan ƙashi ne mai zagaye da yake zaune a cikin wani kwarmi. A wajen babba kwarmin yana da zurfi, kuma ƙashi ne mai tauri. A wajen jariri kuwa yawancinsa guringuntsi ne, ba shi da zurfi, jijiyoyin da suke riƙe gaɓar kuma a sake suke, musamman a makonnin farko. Kwarmin yana samun zurfinsa ne saboda kan ƙashin cinya yana zaune a tsakiyarsa yana motsi, kamar yadda ɗanyen yumɓu yake ɗaukar siffar abin da magini ya danna a kansa. Zaman da ya fi tsayar da kan ƙashin a tsakiya shi ne wanda yaro ya saba da shi tun yana ciki: gwiwoyi a lanƙwashe zuwa sama, cinyoyi a buɗe. Idan aka miƙar da ƙafafun da ƙarfi, aka haɗe su, aka ɗaure na sa'o'i masu yawa kullum, tsokokin cinya suna jan kan ƙashin zuwa sama da waje, ya riƙa danne leɓen kwarmin, kwarmin ya tashi ba zurfi, wani lokaci ma ƙashin ya goce gaba ɗaya.

Masifar wannan ciwo ita ce ba ya zafi ga jariri, don haka ba ya kuka a kansa. Sai yaro ya fara tafiya a ga yana ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko yana tafiya yana rangaji idan ɓangarorin biyu ne suka taɓu. Wanda nasa bai yi tsanani ba yana iya kaiwa ƙuruciya ko tsakiyar rayuwa kafin ciwon gaɓa ya kama shi. Robert Salter, likitan ƙashi a Toronto, ya nuna a 1968 cewa gocewar ƙugu ta ninka kusan sau goma a tsakanin 'yan asalin Kanada masu ɗaure jarirai a kan allo da ƙafa a miƙe, ya kuma tabbatar da dalilin ta hanyar gwaji a kan jariran aladu. An ga irin wannan yawa a wajen ƙabilar Navajo ta Amurka, da Turkiyya, da Saudiyya. Amma labarin Japan ya fi kowanne gamsarwa, domin can an canza al'adar aka ga abin da ya biyo baya. Kafin 1965 tsakanin jariri 11 zuwa 35 cikin kowane 1,000 suna samun gocewar ƙugu, a lokacin da ake naɗa musu ƙyalle da ƙafafu a miƙe. An fara wayar da kan iyaye mata da ungozomai a yankin Kyoto a farkon shekarun 1970, aka mai da shi yekuwa ta ƙasa baki ɗaya a 1975, saƙon kuma guda ne: a bar ƙafafun jariri su lanƙwashe yadda suke so. Adadin ya faɗo ƙasa da 2 cikin 1,000. Ba a raba magani ba, ba a yi tiyata ba, salon ɗaura ƙyalle kawai aka sauya.

Har maganin ciwon ma shaida ne a kan dalilinsa. Ɗamarar da likita Arnold Pavlik na ƙasar Cek ya ƙirƙiro a tsakiyar ƙarni na 20, wadda ake sa wa jaririn da aka gano ƙugunsa da wuri, aikinta shi ne riƙe ƙafafu a lanƙwashe a buɗe na wasu makonni, kuma yawancin yara suna warkewa da ita ba tare da an yanka su ba. Wannan zama shi ne zaman da yaro yake yi a bayan uwarsa idan ta goya shi da zani da majanyi, cinyoyinsa sun rungumi ƙugunta, gwiwoyinsa a sama. Likitocin ƙashi sun daɗe da lura cewa gocewar ƙugu ba ta da yawa a ƙasashen Afirka masu goyo. A wani asibitin ƙashi na yara a Blantyre ta Malawi an duba bayanan yara sama da 40,000 na shekara goma, ba a sami jariri ko ɗaya da aka kawo da irin wannan ciwo ba. Gado ma yana da nasa tasiri, kuma ciwon ya fi kama 'ya'ya mata, da 'yan fari, da wanda ya kwanta a zaune a cikin mahaifa, da wanda akwai mai shi a danginsu, don haka ba za a jingina komai ga goyo ba. Duk da haka zai zama babban rashi uwa ta bar goyon da yake daidai da abin da likitan ƙashi yake nema, ta koma ɗaure ƙafafun ɗanta a miƙe don ta gani a waya.

Tsohon tunanin Soranus na miƙar da ƙafa ma bai mutu ba, ana jin sa har yanzu a bakin masu cewa a ɗaure ƙafar yaro kada ta yi baka. Kusan kowane jariri ana haihuwarsa da 'yar lanƙwasa a ƙafa saboda zaman ciki, kuma tana miƙewa da kanta zuwa shekara biyu. Ƙafar da ta yi baka ko gwame na ciwo kuwa, sau da yawa laushin ƙashi ne yake kawo ta, kuma binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa a wajen yaran Najeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili. Ɗauri ba ya maganin wannan. Ɗan miƙar da hannu da ƙafa da kaka take yi wa jariri a hankali lokacin wanka daban yake da ɗaurin da zai kwana a ciki.

Haɗari na biyu yana ɓoye ne a cikin amfanin kansa. Saurin farkawar jariri, wanda yake gajiyar da iyaye, garkuwa ce a gare shi: idan hancinsa ya toshe ko iskar da yake shaƙa ta yi ƙaranci, abin da yake cetonsa shi ne ya motsa, ya juya kai, ya farka, ya yi kuka. Duk abin da ya ƙara wa barcinsa nauyi yana iya rage wannan garkuwa. Masu bincike a jami'ar Monash ta Ostireliya sun gano cewa jariran wata uku da ba su saba da naɗi ba, idan aka naɗe su, tayar da su yana ƙara wuya, alhali waɗanda suka saba tun haihuwa ba su nuna haka ba. Wannan ya sa ba a son a fara naɗi a makare, ko a kai yaro wajen mai raino ta naɗe shi alhali a gida ba a yi masa.

A 2016 Anna Pease ta jami'ar Bristol da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike huɗu daga Ingila da Tasmaniya ta Ostireliya da Chicago ta Amurka, waɗanda suka ƙunshi jarirai 760 da suka yi mutuwar fuju'a. Abin da ya fito shi ne haɗarin ya dogara ne ga yadda aka kwantar da yaron da kuma watanninsa. Ga wanda aka naɗe aka kwantar rubda ciki ya ninka kusan sau 13, ga na gefe kusan sau 3, ga na rigingine bai kai sau 2 ba, sannan yana ƙaruwa idan yaro ya kai wata shida. Ba a yin mamaki idan aka yi tunanin yanayin: yaron da fuskarsa take cikin katifa, hannuwansa kuma a ɗaure, ba shi da abin dogarawa ya ɗaga kansa. Nan ne batun ci gaban yaro da batun naɗi suka haɗu sosai, domin watannin da zabura take raguwa su ne watannin da juyi yake farawa. Yaron da aka kwantar rigingine jiya ya kwana a haka, yau yana iya mirginawa ya kife, kuma juyin farko ba ya sallama. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka a shawararta ta 2022 ta ce a daina naɗi da zarar yaro ya nuna alamar ƙoƙarin juyawa, wanda yawanci yake zuwa a wata uku zuwa huɗu amma yana iya riga haka, ta ce kada a yi amfani da zanin da aka sa wa nauyi, ta kuma bayyana cewa babu hujjar ɗaukar naɗi a matsayin kariya daga mutuwar fuju'a. Ni dai ina ganin wanda ya daina a wajen wata biyu bai yi asarar komai ba, tunda mafi yawan amfanin ya riga ya wuce.

Akwai kuma maganar hannu da nono, wadda ba a cika kula da ita ba. Kuka alama ce ta ƙarshe ta yunwa. Kafin shi jariri yana kai hannu baki, yana tsotsar yatsa, yana juya kai yana lalube, kuma yana buƙatar shan nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da kwana. Wanda aka naɗe tamau yana iya wuce lokacin shansa yana barci, uwa ta yi murna da ɗa mai haƙuri, alhali nauyinsa ba ya ƙaruwa, nono kuma yana raguwa saboda ba a jan sa. Abin ya fi muhimmanci a sa'o'in farko bayan haihuwa. A St. Petersburg ta Rasha, inda asibitoci suka saba naɗe jariri su kai shi ɗaki daban, wata mai bincike, Ksenia Bystrova, ta kwatanta waɗanda aka ɗora tsirara a ƙirjin uwa da waɗanda aka naɗe, ta tarar na ƙirji sun fi samun ɗumi har a ƙafafunsu, kuma bayan shekara guda mu'amalarsu da iyayensu mata ta fi kyau. Ga bakwaini kuwa hujjar ta fi ƙarfi. Hanyar manna jariri fata da fata a ƙirjin uwa, wadda aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978, an gwada fara ta nan take bayan haihuwa a asibitoci biyar, ciki har da na Ile-Ife a Najeriya da na Kumasi a Gana, ga jariran da nauyinsu yake tsakanin kilo 1 da 1.8, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 25 cikin 100. Naɗi mai sassauci yana da gurbinsa a ɗakin bakwaini, yana kwantar da su lokacin ɗibar jini da makamantansa, amma ba ya maye gurbin ƙirjin uwa.

Zafi shi ne abin da mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya kamata ya ƙara a kan duk abin da aka faɗa. Kusan dukan binciken da aka ambata an yi shi ne a ƙasashen sanyi. Ɗumin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma jikinsa bai iya fitar da zafi kamar na babba ba. Gaskiya ne sabon haihuwa yana saurin ɗaukar sanyi ko a ƙasar zafi, musamman bayan wanka da kuma daren hunturu, don haka hula da shawul suna da ranarsu. Amma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɗaki na kwano, ga garwashin mai jego, a ƙara wa yaro riga da safa da hula da bargo mai gashi sannan a naɗe, wannan cutarwa ce, kuma yawan zafi yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwar fuju'a. Hanyar dubawa ita ce a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, domin hannu da ƙafa sukan yi sanyi ko da jiki yana da zafi. Gumi, jiƙaƙƙen gashi, ƙurajen zafi, saurin numfashi ko kasalar shan nono, duk suna nuna a kwance shi. Yaron da yake zazzaɓi ko mura ba a naɗe shi sam.

Wanda ya zaɓi yin naɗi a makonnin farko, to ya yi da zanin auduga mara kauri guda ɗaya, daga kafaɗa zuwa ƙasa, fuska da wuya a buɗe, ƙirji da sassaucin da yatsu biyu ko uku za su shiga, ƙasan kuma ya zama jaka mai faɗi wadda gwiwoyi za su lanƙwashe cinyoyi su buɗe a cikinta. Zanin da ya kwance ya hau fuska shi ma haɗari ne, don haka a tusa shi da kyau a sama. A kwantar da yaron rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo, kuma idan a gado ɗaya zai kwana da uwarsa, kamar yadda yake a yawancin gidajenmu, gara a bar naɗin gaba ɗaya, saboda ɗumin jikinta ya ishe shi, kuma yana buƙatar hannuwansa idan mayafi ko jikin babba ya matse shi. Idan ya farka a kwance shi, ya sha nono da hannuwansa a sake, a ba shi ɗan lokaci rubda ciki idonsa biyu ana kallonsa don wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙarfi. Ranar da aka ga yana ɗaga ƙugu yana karkata gefe, ko an tarar da shi ba a yadda aka ajiye shi ba, a fitar da hannuwan biyu a daren, kada a jira a yi ta a hankali. Barcinsa zai ɗan rikice na wasu kwanaki kafin ya saba. Idan kuma wajen canza masa ƙyalle aka lura cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar, ko gwiwa ɗaya ta fi ɗayar tsawo idan aka lanƙwasa su tare, a kai shi asibiti a duba ƙugun kafin ya cika wata shida, lokacin da ɗamara kaɗai take iya gyara shi.